Baba Biyu a Takarda Ɗaya

Mahaifinmu Manzo mahauci ne a kasuwar Tawa, kuma mutum ne mai kunya fiye da yadda sana'arsa take bukata. Kunyar nan ce ta kusa raba ni da ƙanena Isufu, a shekara ta huɗu da samun ƴancin kai, ina da shekara goma shi yana da biyar. Har yau in na tuna sai haushin Abba ya taso mini, sa'an nan in yi masa addu'a.

Mahaifiyarmu ta rasu wajen haihuwar Isufu. Wadda ta ɗauke shi ranar, ta nemo masa nonon akuya, ta yi ta goyonsa har ya yi ƙafa, ita ce yayar Abba, Kaltumi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta kwaso tukwanenta ta dawo gidanmu a unguwar Bilbis. Fura take sayarwa a bakin rumfar mahauta. Doguwar mace ce mai faɗa, ba ta iya lallashi ba ko kaɗan. In tana son ka, sai ta ƙara maka dawo a ƙwarya tana yi maka tsawa. Baba muke kiranta, kamar yadda yara suke kiran ƴar'uwar ubansu a wajenmu.

Akwai kuma wan Abba, Attahir, dillalin bisashe a Tebaram, wanda yake bin Kaltumi a haihuwa. Shi ma Baba muke kiransa, tunda wan uba ne. A baki ba a taɓa rikita su ba. In namijin kake kira, muryarka za ta fara daga ƙasa ta hau sama. In macen ce, sai ta fara daga sama ta sauko. Yaron da bai gama koyon tafiya ba ma ya san wannan. Alƙalami ne kawai bai sani ba. Duba abin da ke gabanka yanzu: Baba, Baba. To gaya mini wanne ne wanne.

Abba kuwa bai taɓa furta sunan yayarsa ba tun ranar da aka ɗaura masa aure, domin sunan surukarsa ke nan, kakarmu ta wajen uwa. Tsohuwar ta daɗe a ƙasa, amma Abba bai daina jin kunyarta ba. Ko wata Kaltumi ce ta zo sayen nama, sai ya ce "mai sunan manya". Da muka taso muna cewa Baba, sai ya ji daɗi ya ari bakinmu, shi ma ya koma kiran yayarsa haka.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi bayan kaka, ya san ba tashi zai yi ba. Wata Lahadi, ranar kasuwa, bayan la'asar, ya aika aka kira Malam Almustafa da tawadarsa, da shaidu biyu. Na farko Mohamed ne, makiyayi daga arewa wanda shanun Abba suke hannunsa. Tamashek ne harshensa, Hausarsa kuwa a shimfiɗe take, ba hawa ba sauka. Na biyu Tanko ne, makaɗin kalangun mahauta, abokin Abba tun suna yara. Tanko yana da i'ina irin wadda in ya tashi ce maka sannu, gara ka nemi wuri ka zauna. Saboda haka ya daɗe da barin wahalar da bakinsa. Kalangun nan ba ya rabuwa da hammatarsa, duk abin da aka faɗa a gabansa sai ya maimaita shi da kiɗa, kamar yadda wani zai ce "haka ne".

Ni na kai musu ruwa, na kuma ƙi fita. Na raɓe a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu.

"Malam, rubuta," in ji Abba. "Ni Manzo mahauci, da hankalina nika magana. Gidana, da gonata ta hanyar Afala, da shanuna da ag ga Mohamed, na ɗiyana na, Hajaratu da Isuhu. Riƙonsu da riƙon abinsu, na bar shi hannun Baba, har su yi hankali."

Malam yana rubuta ajaminsa a hankali, Tanko ya matsa kalangu ya kaɗa maganar ƙarshe, a ɗan sassauce saboda marar lafiya. Abba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Haka na, Tanko. Kai ka hi Malam saurin rubutu."

Malam Almustafa ya san wace Baba ake nufi, don da kunnensa ya ji. Bai ga dalilin tilasta wa mai jinya ya faɗi sunan surukarsa ba. Ya yayyafa wa takarda rairayi, ya naɗe. Bayan kwana takwas Abba ya cika. Bayan sadakar bakwai kuma Malam ya hau babbar mota ya nufi gabas, tafiyar Makka ta ƙasa, wadda mutum yakan yi shekara biyu ko uku kafin a sake ganinsa. Ya bar takardar wurin limamin unguwa, ya ce masa komai yana ciki.

Ranar sadakar arba'in aka buɗe ta a ƙofar gidanmu. Liman ya karanta lafiya lau har ya iso kalmar nan. Ya ɗan tsaya, ya yi gyaran murya, ya dubi maza da ke zaune a gabansa, sai ya karanta ta yadda namiji zai zata: daga ƙasa zuwa sama. Baba Attahir ya shafa gemu ya ce ya karɓi amana.

Ba zan ce Baba Attahir mugu ne ba. Mutum ne kawai wanda bai taɓa ganin abu ba tare da ya yi masa farashi a ransa ba, ko tunkiya ko tabarmar da aka shimfiɗa masa. Tun kafin a gama rabon masar sadaka, ya riga ya tsara komai. Ya shigo cikin gida ya tarar da Baba Kaltumi tana dama fura, ya tsaya a kanta.

"Yaya, ga yadda za a yi. Hajaratu ta biyo ni Tebaram, ta kama ma matata aiki. Karatun lakwal ɗin ga ya isa haka nan. Isuhu kuwa, akwai surukina can arewa, ba shi da ɗa namiji, ya daɗe shina roƙona. Gida a sai da shi, tunda ba mai zama."

Baba ta ajiye ludayi. In ta ajiye ludayi tana cikin damu, kowa a gidan ya san lokacin neman mafaka ya yi.

"Ba mai zama? Ni mi nika yi nan, tsayuwa? Attahir, kai ma ni nig goya ka. Wanga yaro da kaka kyauta da shi kamar ɗan akuya, hwaɗa mani abu guda da ba shi ci."

"Takarda ta ce Baba."

"Awo, ta ce Baba. Ni ta."

"Liman ya karanta gaban jama'a."

"Liman ba shi nan ran da anka yi ta. Mu tahi gaban alƙali."

Isufu yana bayan turmi, ya ji duka. Ya taso ya kama gefen zanena da hannunsa na hagu, ya dunƙule. Daga ranar bai sake shi ba. Da shi nake zuwa rijiya, da shi nake wanke-wanke. In na shiga makewayi, yana tsaye a bakin zana da gefen zanen a hannu. Lakwal ma, wato makarantar boko, na daina zuwa, don malamin ajinmu ya ce ba a shiga da ƙane. Magana ta ɗauke masa, sai kallo. Ni kuwa tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da aka fita da Abba. Mutuwa na san ba mai hana ta. Wannan kuwa mutane ne za su zauna su yi shi da hannunsu.

Baba ba ta lallashe mu ba. Ta sami wani mai raƙumi da zai koma arewa ta ba shi saƙo wurin Mohamed, ta je ta sami Tanko, ta dawo ta ci gaba da dakan gero kamar gero ne ya yi mata laifi. Baba Attahir shi ma bai zauna ba. Ya sa liman ya kwafe masa takardar, ya kai wa mai rubuta wasiƙu a bakin laposti, wato gidan waya, aka buga masa ita da Faransanci a kan keken rubutu, aka manna tambari. Ya zo har gida ya miƙo mini.

"Ke mai lakwal, karanta ma Yaya, ta ji abin da zamani yac ce."

Na bi layi da yatsa. A inda Abba ya ce Baba, mai keken ya buga "oncle", wato kawu ko baffa, namiji dai. A lokacin na ɗauka duk abin da keken rubutu ya buga ya zauna ke nan.

Alƙali ya sa mana Litinin, washegarin kasuwa, da hantsi. Tsoho ne siriri, da tabarau ɗaure da zare, ba ya gaggawar komai. Zaurensa ya cika, domin mahauta sun rufe rumfa sun biyo Tanko, masu fura kuma sun biyo Baba sun tsaya daga waje. Ni da Isufu aka zaunar da mu a gefe, kusa da tulun ruwa.

Baba Attahir ya fara gabatar da takardarsa mai tambari, da hannu biyu. Alƙali ya karɓa, ya dube ta gaba da baya.

"Manzo ya iya Hwaransanci?"

"A'a, Allah shi gahwarta Malam."

"To wa yay yi magana cikin wagga?"

"Mai rubutu na bakin laposti."

"Shina nan sa'ad da Manzo yay yi wasiyya?"

"A'a."

"To riƙe abinka. Takarda ta mai kyau, ta yi ƙunshin goro."

Sa'an nan ya buɗe ta Malam Almustafa, ya kusantar da ita ga hancinsa, ya karanta a zuci. Ya daɗe a kan wuri guda. Ya ce harafi huɗu ne, ga kuma mutum biyu a gabansa kowa ya ce nasa ne, takarda kuwa ba za ta buɗe baki ta zaɓa ba. A kira shaidu.

Mohamed ya shigo, rawani ya rufe masa fuska sai idanu. Kwana biyu ya yi a kan raƙumi. Alƙali ya ce ya faɗi abin da ya ji, yadda ya ji shi.

"Na ji da kunnena. Manzo ya ce, na bar shi hannun baba."

Zaure ya fashe da dariya. Mohamed bai faɗe ta daga ƙasa zuwa sama ba, bai faɗe ta daga sama zuwa ƙasa ba. Ya miƙe ta sambal a sama, wato baba na uku ke nan, ganyen da ake rini da shi. Wani daga baya ya ce to shi ke nan, a kai yaran marina. Ni ban yi dariya ba. Na ji kamar in tashi in shaƙe mai maganar.

Alƙali ya ɗaga hannu. Ya tambayi Mohamed, namiji Manzo ya nufa ko mace.

"Allah ya sani, ni bakinku duk ɗaya nika jin shi. Ba ni hwaɗin abin da ban tabbata ba."

Baba Attahir ya gyara zama. Aka kira Tanko. Ya bar kalangunsa a waje, don ba a shiga gaban alƙali da abin kiɗa, ya shigo yana ta shafa hammata kamar wanda aka cire wa haƙarƙari. Ya durƙusa, ya buɗe baki.

"Ya ce, ya ce, ha-ha-hannun b-b-ba, ba-ba-ba, ba..."

Jijiyoyin wuyansa suka tashi, gumi ya keto masa. Ya sake gwadawa, abin ya ƙara lalacewa. Ba sama ba ƙasa, sai ba-ba-ba kamar ana buga ƙofa.

"Ga shi nan," in ji Baba Attahir, "har sau ukku yak kira ni."

A nan ne na fid da rai. Na dubi hannun Isufu a kan zanena, na fara tunanin yadda za a ɓamɓare yatsun nan ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji muryar Baba Kaltumi, ba ta ko nemi izini ba.

"Allah shi gahwarta Malam, an kira shaida an bar bakinai waje. Tanko ba da harshe shika magana ba, dut Tawa an san haka. A bar shi shi ɗauko kalangunai."

Baba Attahir ya zabura. Ya ce yaushe ganga ta zama shaida, gobe kuma sai a kira jaki ya rantse. Alƙali bai kula shi ba. Ya jawo wani littafi mai bangon fata, ya yi ta buɗe shafi yana lasar yatsa, mu kuwa muna jira kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Can ya rufe. Ya ce wanda bakinsa ya gaza, in yana da ishara da mutane suke ganewa, shari'a tana karɓar shaidarsa da ita. Ba kalangu ne shaida ba, Tanko ne. Ya tambayi liman ko an taɓa kama Tanko da ƙarya. Liman ya ce mutumin da sannu take ɗaukar masa rabin yini, ina ya ga lokacin ƙarya. Alƙali ya ce to, amma kalangu ba zai shigo zaurensa ba, shi zai fita wurin kalangu.

Aka ɗauki buzunsa aka shimfiɗa a gindin gawon da ke ƙofar gida. Kafin a fara, ya sa wani dogari ya tafi da Mohamed can bayan kasuwar bisashe, inda kukan shanu ba zai bar shi ya ji komai ba. Sa'an nan ya ce sai ya gwada isharar tukuna. Ya kira Tanko ya raɗa masa kalma a kunne. Tanko ya rataya kalangu, nan take ya zama wani mutum, kafaɗunsa suka miƙe. Ya buga sau biyu, duka a sama.

"Na rini!" in ji jama'a baki ɗaya.

Alƙali ya sake raɗawa. Tanko ya saki igiyoyin, ya buga, ya matse, ya buga.

"Namiji!"

Ya yi ta juya su yadda ya ga dama, har sau tara, ba a kuskure ko ɗaya ba. Har matan da ke can baya da ƙwaryar fura a ka suna amsawa. Alƙali ya gyara tabarau, ya ce ishara ta ganu. Ya sa Tanko ya rantse, da ka ya amsa. Ya ce masa yanzu ya faɗi abin da Manzo ya ce.

Tanko ya rufe ido. Bai buga da ƙarfi ba. Ya kaɗa ta a sassauce, daidai yadda ya kaɗa ta a ɗakin Abba ranar Lahadin nan: na bar shi hannun... Sai ya matse kalangu ya buga, ya sake shi ya buga. Sama, ƙasa.

Wallahi muryar Abba na ji. Da tsayawar da yake yi don ya ja numfashi, da komai. Kwana hamsin ban ji ta ba, sai ga ta ta fito daga fatar akuya a gindin gawo. Na fashe da kuka, ban ko ji kunya ba. Jama'a kuwa suka ɗauka gaba ɗaya: "Mace! Mace!"

"Shaida guda ke nan," in ji alƙali. "Ku yi kurum. Wanda yas sake buɗe baki, shi bar wurin ga."

Aka dawo da Mohamed. Alƙali ya zaunar da shi yana fuskantar bangon zaure, ya ba jama'a baya, don kada ya karanci fuskar kowa. Ya ce masa za a kaɗa magana iri biyu, in akwai wadda ya ji a ɗakin Manzo ya nuna, in babu ya ce babu. Ya yi wa Tanko alama da yatsa. Tanko ya kaɗa ta namiji. Mohamed bai motsa ba. Ya kaɗa ta mace.

"Wagga ta."

Alƙali ya sa aka juya, aka fara da ta mace. Mohamed bai ko jira ta biyun ba. Aka kaɗa ta namiji sau biyu a jere don a ruɗe shi, ya ce babu ita a ciki. Sai alƙali ya tambaye shi yadda aka yi ya gane a ganga abin da ya kasa ganewa a baki.

"Bakinku shina da sauri, haruhwa ka ruɗe ni. Ganga ba ta da harahi. Kuma ran nan da Tanko yab buga ta, ƙarshenta ya hwaɗo kamar guga in ta kuɓuce cikin rijiya. Sai nic ce ma raina, abokina tahiya za shi. Ban mance ba."

Ba wanda ya yi dariyar Hausarsa wannan karon. Alƙali ya yanke hukunci da murya wadda har na bakin hanya sun ji. Ya ce wasiyya ta tabbata da shaidu biyu. Uba yana da ikon ya naɗa wanda ya amince da shi a kan ƴaƴansa marayu, namiji ne ko mace. Riƙon Hajaratu da Isufu na Kaltumi ne. Gida da gona da shanu kuwa na yara ne, ba nata ba, ba na Attahir ba, za ta tsare musu har su yi hankali ta miƙa musu abinsu. Ya sa magatakardansa ya rubuta a ƙasan takardar Malam Almustafa: Kaltumi, yayar Manzo uwa ɗaya uba ɗaya, mai fura a rumfar mahauta. Sa'an nan ya leƙo jama'a ta saman tabarau.

"Ku kuma, kunya abu na mai kyau. Amma ran da kunka tashi wasiyya, ku kira suna, ko da na surukarku na. Ba kowa ad da Tanko ba."

Ni dai na ji wannan. Da na tashi yin tawa bayan shekaru masu yawa, na sa an rubuta sunan kowa da na ubansa da na kakansa da unguwar da yake zaune, har mai rubutun ya tambaye ni ko ƙidayar jama'a muke yi.

Guɗa ta tashi daga wajen masu fura. Baba Attahir ya ninke takardarsa mai tambari ya cusa a aljihu, yana neman hanyar da zai sulale. Baba Kaltumi ta tare shi. Na zaci za ta wanke shi tas a gaban mutane, kuma gaskiya na so ta yi.

"Ina za ka da rana tsaka? Motar Tebaram sai la'asar. Biyo mu gida ka sha hura. Kai ma Babansu na, wanga ba wanda yak karɓe maka shi."

Ta faɗi tasa kalmar yadda take, daga ƙasa zuwa sama. Ya sunkuyar da kai, ya biyo mu daga nesa.

Hanyar gida ta cikin kasuwa ta bi. Tanko ya shiga gaba, ba abin da yake kaɗawa sai bugu biyun nan, sama, ƙasa, sama, ƙasa, mahauta suna amsa masa da sunan. Masu tukuba suka ɗaga wuƙaƙe, masu gishiri suka miƙe tsaye, matan da ba su san abin da ya faru ba ma suka kama guɗa, daga baya suka tambaya. Mohamed yana jan raƙuminsa a gefe, idanunsa suna dariya ta saman rawani. Baba tana tsakiya, ta miƙe kamar tabarya, takardar Abba a cikin lalitarta, tana ta faɗa: ku bar haukan ga, mutuwa anka yi ba biki ba, Tanko ka kashe mani kunne. Amma hawaye suna zuba har haɓarta. Da ta ga ina kallonta, ta ce hayaƙin tukuba ne, in kuma na sake kallonta sai ta saɓa mini.

Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ban sake ba. Ina tafe ina jin kamar duk Tawa tamu ce.

Da muka karyo kwanar Bilbis, ƙofar gidanmu ta bayyana, da turmin da Baba ta bari a kife da safe. Sai na ji zanena ya yi sako-sako a gefe guda. Na duba. Gefen ya yi baƙi ƙirin, ya cukurkuɗe saboda riƙon kwana goma, amma babu hannu a kansa. Isufu ya riga ya yi gaba da gudu. Ya isa ƙofa, ya ture ta da kafaɗa, ya juyo yana haki, ya ɗaga murya daga sama ya sauko da ita.

"Baba! Yunwa nika ji!"

"To wa yah hana ka ci?" in ji ta. "Wanke hannu."